DARAK: TSIBIRIN DA RUWA YA BAYAR, TAKARDA TA KARƁE

Mutanen Potiskum sun daɗe da sanin ƙanshin banda. Shekara da shekaru manyan motoci ke ratsa garin dare da rana, maƙare da kwalayen busasshen kifi daga Maiduguri, wasu su miƙe Kano ta Azare, wasu su karkata Bauchi da Jos su gangara har Anaca da Inugu da Ikko. A unguwar Bolewa da sauran unguwannin garin, da wuya a sami uwargidan da ba ta san bambancin bandar tarwaɗa da ta karfasa ba. Amma da za a tambayi yawancin masu saye da masu ci inda kifin nan ya fito, iyakar amsarsu ita ce daga Baga. To, Baga kasuwa ce. Kifin kansa daga can cikin Tafkin Cadi yake fitowa, daga tsibirai da tungayen masunta waɗanda ba kowa ya taɓa jin sunayensu ba. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Darak, kuma labarinsa ya isa a zauna a saurara.

Darak a yau ƙaramar hukuma ce a ƙasar Kamaru, cikin gundumar Logone da Shari ta Lardin Arewa Mai Nisa. Hedkwatar gundumar tana Kusuri, ta lardin tana Marwa, fadar gwamnati kuwa tana can Yawunde, tafiyar fiye da kilomita dubu. Amma har zuwa watan Disamba na 1998 da ma shekaru biyar bayansa, wato har Disambar 2003, tutar Nijeriya ce ke kaɗawa a tsibirin, kuma Ƙaramar Hukumar Ngala ta Jihar Borno ce ke karɓar harajinsa. Yadda aka yi gari guda ya kwana a wata ƙasa ya wayi gari a wata, alhali bai motsa daga inda yake ba, shi ne abin da za a bayyana a wannan fili.

YANAYIN ƘASA

Tafkin Cadi tafki ne mai faɗi amma marar zurfi, ƙasashe huɗu suka kewaye shi, wato Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Kimanin kashi tara cikin goma na ruwansa kogin Shari ne ke kawowa daga kudu, bayan ya haɗu da kogin Logone a tsakanin Kusuri da Njamena. Ragowar kuwa daga ruwan sama ne da ƙananan koguna, irin su Ebeji da ya raba Gamboru da Fotokol, da kuma Komadugu Yobe, wanda ke tattaro ruwan Haɗeja da na Jama'are ya zuba ta wajen Malam Fatori. Babu kogin da ke fita daga tafkin, amma duk da haka ruwansa na daɗi ne, mutum da dabba suna sha, domin gishirinsa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa. A yankin Kanem da ke arewa maso gabas da tafkin ne ake haƙar kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa ƙasar Hausa.

Abin mamaki game da tafkin shi ne lokacin cikarsa. Ruwan da aka yi da damina a can kudancin Cadi da Afirka ta Tsakiya ba ya isowa sai bayan an ɗauke ruwa a nan. Saboda haka sai da kaka zuwa tsakiyar hunturu tafkin ke tumbatsa, sa'an nan ya riƙa ja da baya har farkon damina. A lokacin cika, babu hanyar shiga Darak sai ta kwalekwale, ana bin ƙananan hanyoyin ruwa da aka sare a tsakanin ciyayi masu tsawon da ya fi na mutum. Akwai ma wasu dunƙulen ciyayi da ke yawo a kan ruwa, mutanen wurin na kiransu kirta, waɗanda iska kan turo su toshe hanyar da aka bi jiya. Idan ruwa ya janye kuwa, sai ya bar ƙasa baƙa mai laima, wadda ake shuka masara da wake da kuɓewa a kanta ba tare da an jira saukar ruwan sama ba.

Ban da wannan cika da raguwa ta shekara shekara, akwai wata babba. A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Da farin 1972 zuwa 1973 ya auku, sai wani tudu ya fito a tsakiya ya raba shi gida biyu, na arewa da na kudu. Fari ya sake dawowa a 1983 zuwa 1985, har abin da ya rage na fili na ruwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Babban aikin noman rani da Hukumar Raya Kwarin Cadi ta gina a Sabon Marte, wanda aka buɗe a 1979, ya tsaya cik domin ruwa ya guje wa bakin magudanarsa ta Kirinowa. Sai dai hotunan da taurarin ɗan Adam suka ɗauka tun daga shekarun 1990 sun nuna cewa tafkin ba ya ci gaba da ƙanƙancewa kamar yadda ake yawan faɗa. Ɓangaren kudu, inda Darak yake, bai taɓa ƙafewa ƙarƙaf ba, kuma a 2022 ambaliya ce ma ta kori jama'a da dama daga gidajensu a gaɓar tafkin.

MAZAUNA NA FARKO

Tun kafin a ji sunan Darak akwai masu tafkin. A tsibiran tsakiya da na arewa akwai Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina, masu jiragen da ake ɗaurewa da ciyawar ruwa, masu kuma shanun kuri, fararen shanun nan masu kumburarrun ƙahoni da ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa. Sarakunan Barno da dakarunsu ba su taɓa iya mallakar Buduma sosai ba, domin doki ba ya shiga inda suke. A gaɓar kudu kuma akwai Kotoko, masu garuruwa masu ganuwa irin su Makari da Gulfe da Afade da Kusuri, waɗanda ke danganta kansu da mutanen Sau na zamanin dā. Sai Larabawan Shuwa da garkunansu, da Barebari a gaɓar yamma.

A nan akwai wata dangantaka da ta shafi mutanen Potiskum kai tsaye. Masana harsuna sun tabbatar cewa harshen Buduma da na Kotoko dangi ɗaya suke da Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade da ita Hausar kanta, har ma sunan tafkin aka sa wa dangin baki ɗaya, ana ce musu harsunan Cadi. Tarihin baka na Bolewa ma yana cewa daga gabas kakanninsu suka taso kafin su zauna a Daniski, sa'an nan Fika, inda daga can aka dawo da fadar Moi Fika zuwa Potiskum a 1924. Ashe mai cin banda a Potiskum da mai kamun kifi a bakin Shari ba bare ba ne ga juna.

Turawa sun fara ganin tafkin a 1823, lokacin da Denham da Clapperton da Oudney suka ƙetaro Sahara zuwa Kukawa. A 1851 wani Bajamushe mai suna Overweg, abokin tafiyar Barth, ya shiga tsakanin tsibiran Buduma da wani jirgin katako da aka ɗauko gunduwa gunduwa a kan raƙuma tun daga Tarabulus. Bayan da Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900, sai Ingila da Faransa da Jamus suka kasa gaɓar tafkin a tsakaninsu.

YADDA GARI YA TSIRO

Darak da ƙauyukan da ke kewaye da shi 'ya'yan fari ne. Da ruwa ya soma ja da baya a shekarun 1970, masunta suka bi shi, domin mai neman kifi ba ya zama inda ruwa ya bari. Duk inda tudu ya fito sai a kafa bukkoki, a gina wurin banda, a share masallaci. Da tudun ya bushe sosai sai manoma su iso, makiyaya su biyo. Farin da ya kashe dabbobi da amfanin gona a ƙasar Hausa shi ne ya turo dubban mutane daga Sakkwato da Kabi da Haɗeja da Damagaram zuwa wurin da ake samun abinci da rani. Jukunawa suka zo daga Binuwai, Musgum da Masa daga Logone, har da masunta daga ƙasar Mali.

Sunayen ƙauyukan kansu sun isa shaida. Akwai Doron Liman da Doron Malam da Garin Wanzam da Fagge da Sabon Tumbu da Ramin Dorina da Sokotoram, akwai ma wanda aka sa wa suna Naira. A gefensu kuma ga Darak Gana da Katti Kime da Kirta Wulgo da Aisa Kura. Mai karatu zai ga cewa limami ne ko malami ko wanzami ya fara kafa bukkarsa, jama'a suka taru a kansa, sunan ya bi wurin. Hausa ta zama harshen kasuwa, naira ta zama kuɗin ciniki, kowane ƙauye da bulamansa mai raba gona da wurin su.

Sana'ar su a can tana da tsari. Ana amfani da kalli da birgi da mamari, amma abin da ya sauya al'amura shi ne gurar da masuntan Mali suka shigo da ita. Akan jera gura ɗaruruwa a tare bakin wata hanyar ruwa gaba ɗaya lokacin da ruwa ke komawa, abin da ake kira dumba. Kamun dumba yana da yawa ƙwarai, saboda haka wurin kafa ta yana da tsada, kuma sau da yawa ita ce tushen rigima tsakanin masu hali da ƙananan masunta waɗanda ke ganin an tare musu kifi tun daga sama. Tarwaɗa da karfasa da bargi da yauni da giwan ruwa, duk ana yanka su a ƙyafe a cika kwalaye, a ɗora a manyan jiragen katako masu inji zuwa Doron Baga, ko a bi ta Wulgo da Gamboru zuwa kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri. Yawancin masunta da bashin fatake suke aiki. Falke ya ba da jirgi da koma da kuɗin abinci, masunci ya biya da kifi, kuma amana ce kaɗai takardar da ke tsakaninsu.

LAYIN DA BA A GANI

Abin da waɗannan bayin Allah ba su sani ba, ko suka sani ba su kula ba, shi ne tun kafin a haifi yawancinsu an ja wani layi a kan ruwan da suke bi. Bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila da Faransa suka raba Kamaru. Yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919 ta fara bayyana iyakar, Gwamnan Nijeriya Thomson da takwaransa Marchand na Kamarun Faransa suka ƙara fayyace ta a 1929 da 1930, gwamnatocin biyu kuma suka tabbatar da ita da musayar wasiƙu a Janairun 1931. A cikin tafkin, iyakar miƙaƙƙen layi ce daga wani wuri a tsakiyar ruwa zuwa bakin kogin Ebeji. A lokacin babu gari ko ɗaya a wurin, saboda haka babu wanda ya damu. Da ruwa ya ja gabas, mutane suka bi shi suka tsallake layin, hukumomin Borno kuma suka bi mutanensu da rasit na haraji da ofishin 'yan sanda da 'yan makarantu da ɗakunan shan magani.

Ƙasashen huɗu sun kafa Hukumar Tafkin Cadi ran 22 ga Mayu, 1964, a Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, don su riƙa shawara a kan ruwan. Amma sai da jini ya zuba aka tuna da iyaka. A 1983 sojojin Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan wasu tsibirai, a zamanin Shugaba Shehu Shagari da Hissene Habre. Daga nan aka ɗora wa hukumar aikin shata iyakoki, aka yi awo aka kafa duwatsu tsakanin 1988 da 1990, amma Nijeriya ba ta tabbatar da sakamakon ba. A Maris na 1994 Kamaru ta kai ƙarar Nijeriya Kotun Duniya da ke Hague a kan Bakassi, a Yunin shekarar kuma ta ƙara da yankin Tafkin Cadi.

Hujjar Nijeriya ita ce, ƙauyuka 33 ne a wurin, 'yan Nijeriya suka kafa su, ita ke mulkinsu shekara da shekaru a fili. Hujjar Kamaru kuwa takardun Turawa. Ran 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta yanke cewa inda akwai rubutacciyar yarjejeniya, daɗewar zama ba ta rushe ta, saboda haka Darak da 'yan'uwansa na Kamaru ne. Kotun ta kuma rubuta alkawarin da Kamaru ta ɗauka a gabanta na kare 'yan Nijeriya mazauna yankin. A Nuwamba, Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya haɗa Shugaba Obasanjo da Shugaba Biya a Janiba, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa a ƙarƙashin Ahmedou Ould Abdallah. Cikin Disambar 2003 aka sauke tuta ba tare da an harba harsashi ko ɗaya ba. Bakassi, wadda jaridu suka cika duniya da labarinta, sai a Agustan 2008 aka kammala miƙa ta.

Wajibi ne a yaba wa ƙasashen biyu da suka zaɓi alƙali a kan bindiga. Amma akwai abin lura. A 1961, da za a yanke makomar Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, sai da aka jefa ƙuri'a, jama'a suka zaɓi Nijeriya, aka sami Lardin Sardauna. Mutanen Darak kuwa ba wanda ya tambaye su. An ƙidaya rasit ɗinsu a Hague, an auna taswira, aka aiko musu da labari. Wasu suka kwashe komatsansu suka koma ɓangaren Nijeriya, da yawa suka zauna, domin inda kifi yake nan ne gida. Kamaru ta mai da Darak gunduma mai jami'in mulki nata, daga baya ta zama ƙaramar hukuma mai magajin gari da majalisa. Yaran da iyayensu suka fara karatu da Ingilishi suka koma Faransanci, sefa ta shigo ta tarar da naira a kasuwa, wanda bai zama ɗan ƙasa ba kuma ya zama baƙo mai bukatar takardar izinin zama a garin da ubansa ya sare.

MASIFAR DA TA BIYO BAYA

Ba a gama sabawa da sabon mulki ba sai fitinar Boko Haram ta iso tafkin. Ciyayi da hanyoyin ruwan da suka hana dawakin Barno kai wa ga Buduma su ne suka zama mafakar 'yan bindiga. An yi ɓarna a Baga a Afrilun 2013, aka sake yin wadda ta fi ta a Janairun 2015, kasuwar Doron Baga ta watse. A Mayun 2015 Nijar ta umarci mazauna tsibiranta su fice. Don a toshe wa maharan hanyar samun kuɗi, hukumomin tsaro suka hana safarar kifi na tsawon lokaci, kwalayen banda suka yi ƙaranci a kan hanyar Potiskum, farashi ya tashi har kudancin ƙasa. Shi kansa Darak an kai masa hari a Nuwamban 2016, sa'an nan a Yunin 2019 ɗaruruwan mahara suka afka masa da dare, suka kashe sojojin Kamaru fiye da goma sha biyar da fararen hula da dama.

Masunci ya shiga tsaka mai wuya. Idan ya shiga ruwa, 'yan bindiga su karɓi haraji a hannunsa ko su ƙwace jirginsa. Idan ya biya don ya tsira da ransa, a zarge shi da taimaka musu. Idan ya zauna a sansanin gudun hijira, iyalinsa su dogara da awon agaji, shi da dā yake ciyar da birane. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, mai hedkwata a Njamena, ta ƙwato wurare da yawa, kuma tun daga Satumban 2020 aka fara mai da mutanen Baga gida. Duk da haka, wanda ya yi nisa cikin ruwa har yanzu ransa yana hannunsa.

ABIN DA YA KAMATA

Darasin Darak a bayyane yake. Ruwan Cadi yana tafiya yana dawowa, jama'a kuma dole su bi shi, ko da tuta ta yarda ko ba ta yarda ba. Shari'ar 2002 ta warware maganar mallakar ƙasa, kuma babu mai hankalin da zai so a sake tono ta. Abin da ya rage shi ne haƙƙin mutanen da ke kan ƙasar. An daɗe ana maganar jawo ruwa daga kwarin Kwango zuwa Shari, har aka yi babban taro a kanta a Abuja a Fabrairun 2018, amma wannan aiki ne na dubban miliyoyi da shekaru masu yawa. Bukatun mai kwalekwale sun fi haka kusa, sun kuma fi haka araha.

Na farko, Hukumar Tafkin Cadi ta tsara wata takardar shaida guda wadda masunci ko makiyayi ko falke zai nuna a karɓa a ƙasashen huɗu, a kuma yi wa yaran tsibirai rajistar haihuwa, don kada a tashi da wasu da babu ƙasar da ta san da su. Na biyu, a tsare hanyoyin kasuwa na ruwa da na tudu, a rage shingayen da ake tatsar direbobi, domin duk kwabon da aka karɓa a hanya daga jikin masunci ake yanke shi, a kuma ɗora wa mai saye. Na uku, a yi doka ɗaya a kan dumba da girman idon koma, wadda bulamomi da shugabannin masunta za su sa hannu a tsara ta, tun da kifi bai san iyaka ba. Na huɗu, makaranta da asibiti da ruwan sha mai tsabta su isa tsibiran, domin sauro da kwalara ba su jira a gama yaƙi ba, kuma saurayin da hukuma ba ta taɓa yi wa komai ba shi ne mai sauƙin ruɗi.

Jihohin Borno da Yobe da Jigawa da Kano su ma suna da nasu nauyin. Madatsun Tiga da Challawa suna kan ruwan da ke gangarawa Komadugu Yobe, kuma yadda ake sakinsa yana shafar masu zama a ƙarshen kogin. 'Yan kasuwar kifi da masu manyan motoci, waɗanda Potiskum na cikin manyan cibiyoyinsu, su ne suka fi kowa sanin halin da hanyar take ciki, ya kamata ƙungiyoyinsu su riƙa ɗaga murya a madadin waɗanda muryarsu ba ta ƙetare ruwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A Tafkin Cadi kuwa a kwalekwale take, kuma ba ta ɗorewa sai hanya tana buɗe. Allah Ya zaunar da tafkin lafiya, Ya mai da kowa gidansa da sana'arsa, amin.